Iyakar Najeriya da Nijar a Kunnen Mai Sauraron Waƙa

Duk wanda ya tashi a Kaduna yana sauraron shirin Zaɓi Sonka a Rediyon Najeriya na Kaduna ya san cewa wasiƙun masu gaisuwa ba daga Zariya da Kano da Gusau kaɗai suke zuwa ba. Akan karanto sunaye daga Maraɗi da Damagaram da Tawa, har da zangon Kumasi a Gana, kuma sau da yawa waƙar da mutumin Maraɗi ya roƙa ita ce wadda mutumin Funtuwa yake jira. Tun da aka kafa gidan a 1962 muryarsa ke tsallaka iyaka, ba wanda ya taɓa tambayar ta takardar shiga ƙasa.

Dalilin haka a fili yake. Layin da ya raba Najeriya da Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1890 da 1898 da 1904 da 1906, kuma abin da ya fi damun Faransa a lokacin shi ne samun hanya mai rijiyoyi daga Kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi, ba sanin wane ne ɗan'uwan wane ba. Sarakunan Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 a Maraɗi suka kafa sabon gari, shi ya sa har yau ake kiran mai sarautar can Sarkin Katsina. Gobirawa ma an raba su, wasu a Tsibiri, wasu a Sabon Birni. Idan makaɗin fada ya ɗauki kotso ko taushi yana jero kakannin ubangidansa, dole ya ambaci garuruwan ɓangarorin biyu, domin salsalar ta girmi layin nesa ba kusa ba.

Na ƙara fahimtar nauyin wannan a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da ya kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, lokacin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar lantarkin da take bai wa Nijar, har ana batun tura soja. Mai shayin layinmu a Tudun Wada mutumin jihar Tawa ne. Yakan jingina wayarsa a jikin gwangwanin madara, waƙoƙin zumunci da na roƙon kada a yi yaƙi suna tashi ɗaya bayan ɗaya, masu jiran shayi kuwa ba wanda ke tambayar ko mawaƙin na wace ƙasa ne. Damuwarsa ita ce yadda kuɗin cefane zai isa ga mahaifiyarsa, alhali motoci sun yi layi a Illela da Jibiya, kayan gwari suna ruɓewa a cikinsu.

Sai dai akwai wata waƙar da aikinta ƙarfafa iyaka ne, wato taken ƙasa, wanda yaro ke rerawa kowace safiya a makaranta har ya saba da cewa shi ɗan nan ne, ba ɗan can ba. Nijar ta sauya nata a 2023, Najeriya kuma ta koma wa tsohon nata a watan Mayu na 2024. Ban raina wannan ba, domin ƙasa tana bukatar abin da zai haɗa kan mutanenta.

Saboda haka ban yarda da masu cewa a shafe iyaka baki ɗaya ba, duk da daɗin da maganar take da shi a bakin mawaƙi. Mu da muka ga abin da ya sami Birnin Gwari da ƙauyukan Zamfara da Katsina mun san cewa makaman da suka bazu a Sahel bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 ba daga sama suka faɗo ba. Dole hukuma ta san wanda ya shigo da abin da ya ɗauko, ta duba lafiyar dabbobi, ta karɓi harajin da ya wajaba. Abin da nake ƙi shi ne rufewa. Katanga tsakanin gidajen 'yan'uwa ba laifi ba ce muddin an bar mata ƙofa. Rufewar da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ta tsauwala farashin shinkafa a kasuwannin Kaduna, masu fasa-ƙwauri kuwa suka koma bin daji a kan babura, aka bar ƙaramin ɗan kasuwa mai bin doka da asara.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta bai wa ɗan yankin damar shiga wata ƙasar ya zauna kwana 90 ba biza, ga shi kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ya kamata ƙasashen biyu su tabbatar da wannan dama a rubuce tsakaninsu, ta hannun hukumar haɗin gwiwar da suka kafa tun 1971, kafin jirgin ƙasan da ake shimfiɗa wa layi daga Kano ta Daura da Katsina da Jibiya ya fara kai fasinja Maraɗi.