'Ya'yan zaki a dajin Serengeti

Na kalli wani bidiyo daga dajin Serengeti na Tanzaniya, wallahi ya taɓa min zuciya. Baƙin zakuna sun fatattaki mazan garken, suka shiga farautar 'ya'yan da ke shan nono. Wata uwa ta ɗauki ɗanta a baki ta cusa cikin ciyawa, ta dawo ta tare hanya, kunnuwa a kwance, kafaɗa jina-jina.

Zakanya mai goyo ba ta karɓar namiji, su kuma mazan mulkinsu bai cika wuce shekara 2 ba. Da ɗan ya mutu, ba a jimawa take neman barbara. A can, kusan kashi 1 cikin 4 na 'ya'yan da ke mutuwa kafin shekara haka suke salwanta. Iyaye matan da suka haɗa kai sun fi kuɓutar da nasu.