Kankare yana shaƙar iskar kabon, amma bai isa ya biya bashinsa ba

A makon jiya na tsaya a wurin da ake rushe wani tsohon bene a unguwarmu, na ɗauki guntun ginshiƙi ina dubawa. Rodin da ke cikinsa ya yi tsatsa har ya kumbura ya tsaga kankaren. Birkilan da ke wurin ya ce mini aikin ruwan sama ne, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai kafin ruwa ya sami hanyar cin ƙarfen, iska ta daɗe tana aikinta a ɓoye.

Asalin maganar yana masana'antar siminti. Ana gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai kusan digiri 1,450, dutsen ya saki kabon dayokzaid, iska mai ɗumama duniya, da ke ɗaure a jikinsa, ga kuma hayaƙin makamashin da aka ƙona. Shi ya sa siminti ke da alhakin kusan kashi 8 cikin 100 na wannan iska da ɗan Adam ke fitarwa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, da zarar an kwaɓa simintin ya bushe, sai ya soma jawo iskar a hankali, yana komawa irin dutsen da aka gasa tun farko. Aikin yana farawa daga fatar gini yana nutsawa ciki, kuma yana ƙara jinkiri gwargwadon nisan da ya shiga, ta yadda kankare mai ƙarfi kan shafe shekaru gommai iskar ba ta wuce 'yan santimita ba. Filasta da bulo, da yake ba su da kauri kuma iska na ratsa su, sun fi saurin sha.

An ga ƙarfin wannan lamari a Biosphere 2, ginin gilashi da aka rufe mutum takwas a ciki a jihar Arizona ta Amurka daga 1991 zuwa 1993. Iskar oksijin ta yi ta raguwa har ta kai kusan kashi 14 cikin 100 na iskar da ke cikin ginin, daga baya aka gano cewa ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne ke cinye ta suna fitar da kabon, kankaren ginin kuma yana shanye kabon ɗin.

Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature Geoscience a 2016 ya ƙiyasta cewa daga 1930 zuwa 2013 kayan siminti sun maido da kusan kashi 43 cikin 100 na kabon da dutsen ya saki. Adadin yana da girma, amma ina jin takaici idan na ga ana ɗaga shi tamkar siminti ya wanke kansa, domin lissafin bai haɗa da hayaƙin makamashi ba, kuma abin da aka fitar a yini guda ana kwashe shekaru kafin a maido da wani sashensa. Bugu da ƙari, shan iskar ne ke raunana kariyar da kankare ke ba rodi daga tsatsa, abin da na gani da idona a wancan ginshiƙi.

Inda nake ganin muna asara shi ne bayan rushewa. Idan aka farfasa ɓaraguzai ƙanana aka bar su a sarari na wani lokaci, iska za ta isa cikin da ba ta taɓa kaiwa ba, su sha kabon mai yawa. Na tambayi direban tifar da ke lodi inda zai kai su, ya ce ciko za a yi da su a wani kududdufi a ranar, inda ruwa da ƙasa za su rufe su.