Daga Kano zuwa Ogawa: tafiyata garin masu takardar hannu da hatimin roba

Ni dai sana'ata katin biki ce da ambulan da 'yan kwalayen rabon kaya, a gida nake yi, shi ya sa da autanmu da ke karatu a Japan ya turo min takardar gayyata ya ce Yaya ki zo ki ga gari, abun da ya fara zuwa raina ba dogayen benaye ba ne, takarda ce. Biza sai da na je Abuja. Jirgin Ethiopian muka hau daga Kano zuwa Addis Ababa, daga nan sai doguwar tafiyar da har mutum ya gaji da barci, aka ɗan sauka a Koriya ta Kudu sannan muka ƙarasa filin jirgin Narita da ke kusa da Tokyo. Awa 8 ne tsakaninmu da su, kuma watan Disamba ne, sanyi har cikin ƙashi, Auta ya tarbe ni da wata ƙatuwar rigar sanyi yana dariya wai Yaya mayafi ba ya aiki a nan.

Tun washegari na fara ganin abun mamaki. A tashar jirgin ƙasa ta Tokyo, wannan mai jan bulo da aka buɗe a 1914, na ga wani ɗan teburi a gefe da ƙaton hatimin roba an ɗaure shi da sarƙa, ga soson tawada kusa da shi, kuma babu ma'aikaci a wurin. Wani dattijo da kwat da jaka ya zo ya ciro ɗan littafi ya buga ya tsaya yana kallon abun da ya fito, bayansa wata mata da yaro suna jiran layi. Na ce Auta wannan kuma rasit ɗin me ake bugawa, ya ce ba rasit ba ne, kawai shaida ce mutum ya zo tashar, kyauta ne, kuma tashoshi da yawa kowacce da nata zanen, wata gini, wata gada, wata abun da unguwar ta shahara da shi. A tashar Fukui aka fara wannan al'ada a 1931, sai a 1970 kamfanin jirgin ƙasa na gwamnati ya baza hatiman a tashoshi sama da dubu dan ya ja hankalin mutane su riƙa yawon buɗe ido a cikin ƙasarsu. Mu a wurinmu in ka ji sitam to ofis ne, shugaban makaranta, sakatariya, kotu, sai an buga maka sannan takardarka ta zama takarda, kuma sau da yawa mai sitam ɗin ya fita sai gobe. Su ma fa suna da irin wannan, kusan kowane baligi da hatiminsa na suna da yake bugawa maimakon sa hannu, har a 2020 wani minista Kono Taro ya tashi haiƙan ya ce a cire dole sai an buga hatimi daga mafi yawan takardun gwamnati saboda lokacin korona mutane na shiga jirgi su je ofis dan buga hatimi kawai. Toh na ofis yana ja da baya amma na wasa da ado wallahi kasuwarsa ci take.

Na sayi ɗan littafi nima na shiga layi. Layin Yamanote da ke zagaye birnin tasha 30 gare shi, ban bi duka ba, ƙafata ba za ta iya ba, amma na samu rabona.

Kantunan kayan rubutu kuwa sai wanda ya gani. Itoya da ke Ginza tun 1904 suke, bene a kan bene duk biro da takarda da kati, sai Ozu Washi a Nihonbashi da suka fara sayar da takarda tun 1653, ku duba fa, sama da shekara 150 kafin jihadin Shehu. Da yake ƙarshen shekara ne kowa na shirin katin gaisuwar sabuwar shekara da suke aika wa juna ta gidan waya, sai aka cika gaban kantuna da hatimai da tawada kala kala, ja da ruwan gwal sun fi yawa. A nan na fara ganin abun da ya fi tafiya da ni, wato sassaƙa hatimi da kilina. Eh kilinar goge fensir, amma an yi ta da faɗi daidai girman katin gidan waya, santimita 10 da kusan 15, wata ma an yi mata launi a sama ciki kuma fari dan in ka yanke wuri ka ga inda ka yanke. Har shagunan yen 100 irin su Daiso suna sayar da ita, da haraji yen 110.

Auta ya samo min wani ɗan aji na yamma a bayan wani shago, mu kaɗan ne, malamar wata mata ce mai sanyin magana, shi yake min tafinta. Ta ce kowa ya zana abun da yake so a takarda mai shara-shara da fensir mai taushi, sauran suna ta zana kyanwa da fure, ni kuwa dagin Arewa na zana, ta ɗauka ta juya shi ta sake juyawa tana bin layin da yatsa tana neman inda ya fara. Sai ka kifa takardar a kan kilinar ka murza da farce, zanen ya koma jikinta a juye da kansa, wanda shi ne ake so, dan in ka buga zai fito daidai. Masu yanka sitam na bakin titi a Kano da reza suke wannan juyin a cikin kansu, haruffa ƙanana a juye ba tare da wata takarda ba, ban taɓa ganin girman gwanintarsu ba sai ranar.

Yankan shi ne aikin. 'Yar wuƙa ce siririya kamar biro, ba a tsaye ake riƙe ta ba, a karkace ake shigar da ita bakin yana fita waje daga layin zanen, yadda gindin layin zai fi samansa faɗi, in aka yi akasin haka layin ba shi da madogara, bugu kaɗan zai karye. Kuma ta ce hannun wuƙa ya tsaya wuri ɗaya, kilinar ake juyawa. Dagi kuwa duk lanƙwasa ne da wurin da layi ya hau kan layi ya sake shiga ƙarƙashi, na yi gumi a cikin sanyin nan. Wajen sa tawada ma da bambanci, ba a danna hatimin cikin soso kamar yadda ake yi a ofis, hatimin ake kwantarwa a rigingine a ɗauki soson a riƙa ɗan daddaɓa shi a hankali har ko'ina ya samu, sannan a sa wani abu mai ɗan laushi ƙarƙashin takarda, a danna sau ɗaya ba girgizawa a ɗaga a miƙe. Na buga a farar takarda ta kanti ya fito tas. Ta miƙo min wata takarda mai laushi irin wadda ake yi da hannu ta ce buga a nan, na buga, kafin in ƙifta ido tawadar ta bi zaren takardar ta yi gashi gashi. Ta canza min tawada zuwa mai maiƙo, irin VersaFine ta kamfanin Tsukineko, ta juya takardar ɗaya gefen da ya fi santsi, sai ga dagi ya zauna daram. Hatimi ɗaya, hannu ɗaya, amma abu uku daban na gani a gabana, daga nan na ce wa Auta lallai sai ka kai ni inda ake yin takardar nan.

Ogawa, garin masu yin takardar, yana jihar Saitama. Daga tashar Ikebukuro da ke Tokyo muka hau jirgin ƙasa na layin Tobu Tojo, awa ɗaya da 'yan mintuna, a hankali benaye suka ƙare aka shiga gonaki da tsaunuka. Guzurinmu dunƙulen shinkafa mai kifi a ciki da shayi a gora, dan maganar abincin halal a ƙauye ba kamar cikin birni ba ce, ni kuma ba na son dogon bincike a kan kowace loma. Daga tashar Ogawamachi muka shiga bas zuwa Higashi-Chichibu, ƙauye ne a maƙwabta inda aka ware wuri musamman dan baƙi su ga aikin su kuma gwada. Takardar yankin da ta fi suna ita ce Hosokawa, a 2014 UNESCO ta sa sana'ar yin ta cikin al'adun gado na duniya tare da ta Mino a Gifu da ta Sekishu a Shimane.

Ni da na ɗauka tsohuwar takarda ake jiƙawa a dama. Ina! Wani ɗan itace ne kozo, da sanyi ake sare rassansa a turara su har ɓawon ya saki, a saɓule, a kankare baƙin bayan a bar fari na ciki, a dafa shi da ruwan toka ko soda har ya yi laushi, a wanke, sannan a zauna a bakin ruwan sanyi ana tsince duk wani ɗigon datti da yatsa ɗaya bayan ɗaya, wannan matakin kaɗai ya isa ya sa in daina cewa takardar ta yi tsada. Bayan nan a daddoke shi da sanda har zaren ya warware, a zuba a babban kwami na ruwa. Sai kuma wani abu da mai aikin ya ɗebo da ludayi ya ɗaga sama yana zuba yana jan zare, ina gani na ce Auta ai wannan yauƙi ne. Ashe kuwa, saiwar wani tsiro ce tororo-aoi, ɗan uwan kuɓewa ne na jini, ana daka saiwar a jiƙa ta ta saki yauƙi, shi yake hana zaren dunƙulewa ya kuma sa ruwa ya tsane a hankali yadda mai yi zai samu lokacin jujjuyawa. Zafi yana kashe yauƙin nan, shi ya sa takardar lokacin sanyi ta fi kyau, shi ya sa kuma hannun masu aikin ya yi jawur.

Abun ɗiban wata 'yar asabari ce ta siraran tsinken gora an maƙale ta a cikin katako. Ya tsoma ya ɗebo ya girgiza gaba da baya da gefe da gefe ya watsar da sauran ruwan ya sake ɗebowa, haka haka har kaurin ya yi masa, sai ya cire asabarin ya kifa a kan tarin na baya ya ɗaga, takarda jiƙaƙƙa a kan takarda jiƙaƙƙa kuma ba sa mannewa. Ana matse su a hankali sannan a ɓanɓaro ɗaya ɗaya a shafa a jikin katako ko faifan ƙarfe mai ɗumi da burushi, gefen da ya kwanta a jikin katakon shi ne mai santsin da malamata ta juya min. Mu baƙi ƙaramin katako aka ba mu na girman kati, ruwan kamar zai cire min yatsu, tawa ta fito gefe ɗaya da kauri gefe ɗaya kamar za a ga mutum ta ciki, amma tawa ce.

An ba mu labarin cewa 'yan kasuwar Edo, tsohon sunan Tokyo kenan, da wannan takarda suke littafin bashi, in gobara ta tashi sai su jefa littafin a rijiya su gudu, daga baya a ciro a shanya rubutu na nan, masu cin bashi ba su ji daɗin wannan ƙarko ba na tabbata. Akwai kuma ɓangaren da ba daɗin ji. Lokacin yaƙin duniya na biyu, 1944 zuwa 1945, sojojin Japan sun sa an liƙa irin wannan takarda an yi manyan balan-balan an rataya musu bam an sake su iska ta kai su Amurka, sama da 9,000, kuma ɗaya ya kashe mutum 6 a jihar Oregon a watan Mayun 1945, mace ɗaya da yara biyar. Na ɗan yi shiru da katina a hannu da na ji haka.

Gaskiya ba komai nasu ne ya dace da aikina ba. Su suna son fari da wuri fayau da ɗan fure ƙwaya ɗaya a lungu, amaryar Kano in ka kai mata haka cewa za ta yi ba a gama ba, sai an sa gwal an cika. Akwai garin da ake barbaɗawa a kan tawada tun tana danya a hura masa zafi ya narke ya taso yana ƙyalli, wannan kam na san zai karɓu a gida, na saya da yawa. Na kuma koyi yanka takardar ba da almakashi ba, a ja layi da jiƙaƙƙen burushi a yage a hankali bakin ya fito da gashinsa. Abun da na ce ba zan yi ba shi ne sassaƙa aya ko sunan Allah a hatimi in riƙa bugawa a kati, dan kowa ya san inda katin biki yake ƙarewa bayan an watse.

Da na zo haɗa kaya Auta ya kalli jakar ya ce Yaya mutane waya da turare suke komawa da su ke kuma kilina, na ce ka bar ni. Manyan takardun na naɗe su a cikin kwali mai kama da bututu na riƙe a hannu har Kano. Da na zauna na yi lissafi kuɗin takarda ɗaya in na mayar naira ba za ta yi katin rabawa ɗaruruwan mutane ba, sai dai na iyayen ango da manyan baƙi, sauran in buga musu hatimin a takardar kasuwa mai kauri. Yanzu haka na sa an kawo min ɓawon rama daga ƙauye dan na ji ana takarda da ita, kuɓewa kuma ba ta yi mana wuya ba, matsalar kawai zafin garinmu, dan haka na ajiye gwajin sai hunturu ya shigo, asabarin kuma ina neman mai saƙa min da tsinke sirara sosai.