Lahadi: Kawu da kwalbar bayan kabad

Ruwa tun asuba, irin na Aberdeen mai zuwa a karkace, har lemar uwargida ta juye a ƙofar coci. Da rana tuwo da miyar kuka, kukar da Kawu ya ƙunso mana daga Jos.

Da yamma na fito da kwalbar wiskin Glenmorangie Quinta Ruban ɗin nan da nake ta tattali tun Kirsimeti. Na ce baƙon da ya taso daga nesa ya cancanta. Na zuba masa kaɗan a kofin gilas mai tsukakken baki, na ɗiga ɗan ruwa, don ƙarfinta kashi 46 ne kuma ruwan yana tayar da ƙamshin. Kafin in ce ya sunsuna tukuna, ya kwankwaɗe ta duka, ya yamutsa fuska ya ce, "Kai! Wannan ai wuta ce. Babu Coke a gidan nan?"

Raina ya sosu. Na sake zubawa na ce, "Kawu, don Allah wannan karon a hankali." Na ɗaga kofin wajen taga ya ga launinta, ruwan zuma mai sirkin ja. Na gaya masa da sha'ir zalla ake yinta, a masana'anta ɗaya da ke garin Tain can arewacin Sikotland, wadda ke aiki tun 1843. A dokar Sikotland, sai abu ya yi aƙalla shekara 3 a gangar katakon oak kafin a kira shi wiski, wannan kuwa 14 ta yi. Ta fara kwanciya a gangunan da Amurkawa suka ajiye nasu wiskin, bourbon, daga baya aka juye ta cikin waɗanda suka riƙe port, jar giyar inabi mai zaƙi ta kwarin Douro a Fotugal. Katakon ya riga ya sha port ya ƙoshi, sai ya riƙa sako mata shi kaɗan-kaɗan.

Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya yi jim. Can ya ce yana jin busasshen dabino. Ni cakulan mai ɗaci nake ji da ɓawon lemu, sai wani sanyin na'a-na'a da ke saura a maƙogwaro bayan ɗumin ya wuce. Na ji daɗi sosai, na ɗauka mun daidaita.

Sai ya ajiye kofin. "To ɗana, in tana da kyau da gaske, me ya kai ta gangar wasu? Abu mai kyau shi ke sayar da kansa. Ko aron riga aka yi mata?"

Na ce a'a kawai, amma maganar ta bi ni har kicin, ina wanke kwanuka ina juya ta. Akwai gaskiya a ciki. Na taɓa shan wasu da port ya danne komai, zaƙi kawai, kana kurɓa ka san ɗanyen aiki aka rufe. Wannan ba haka take ba. Tukwanen jan ƙarfen da Glenmorangie ke tace wiski da su sun fi na kowa tsayi a Sikotland, wuyansu ya haura mita 5, tururi mafi sauƙi ne kaɗai ke kai wa sama, shi ya sa ruwan ke fitowa da laushi da ƙamshin 'ya'yan itace. Wannan asalin yana nan daram a ƙarƙashin port ɗin, ina jinsa. Amsar da ta kamata in ba shi ke nan, amma ko da na fito ya koma kallon ƙwallo, na kasa tayar da zancen.

Har yanzu abin na cin raina. So na yi ya ga abin da na koya a ƙasar nan ya ce madalla.

Talata zai tashi. Ya ce in sa masa ragowar a jaka, zai ɗanɗana wa abokansa. Ban ba shi amsa ba tukuna. Gobe aiki ƙarfe shida, taya ɗaya kuma tana sacewa.