Malam Adamu Ciroma a Kan Kujerar Edita

Da Allah Ya karɓi ran Malam Adamu Ciroma a Abuja ranar 5 ga Yuli, 2018, yawancin ta'aziyyar da aka rubuta ta tsaya ne a kan manyan muƙaman da ya riƙe: Gwamnan Babban Bankin Najeriya daga 1975 zuwa 1977, minista a gwamnatin Shehu Shagari, sannan Ministan Kuɗi daga 1999 zuwa 2003. Duk wannan gaskiya ne, amma mu da muka ci abinci da alƙalami, Malam Adamu edita ne kafin komai, kuma a ganina aikin da ya yi a jaridar New Nigerian ya fi sauran tasiri a rayuwar Arewa.

An fara buga New Nigerian a Kaduna ranar 1 ga Janairu, 1966, mako biyu kacal kafin juyin mulkin da ya yi sanadin rasuwar Sardauna, wanda gwamnatinsa ce ta kafa ta. Jaridar ta zama marainiya tun tana cikin zanen goyo. A wannan shekarar ce aka ɗora Malam Adamu a kan kujerar edita, ɗan Najeriya na farko da ya hau ta. Mutumin Potiskum ne, haifaffen 1934, ya yi Kwalejin Barewa, ya karanta Tarihi a Ibadan, kuma daga aikin gwamnati ya fito, ba daga ɗakin labarai ba. Kafin ya gama zama sai ƙasa ta rikice, aka shiga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970.

Abin da ya sa nake girmama shi shi ne yadda ya riƙe jarida mallakar gwamnati ba tare da ya mayar da ita bakin gwamnati ba. A lokacin, sharhin New Nigerian yana fitowa ne a shafin farko, gajere, babu kwana-kwana, kuma sojojin da ke mulki a Legas suna karanta shi domin su san inda ra'ayin Arewa ya karkata. Ba sai an yi masa bayani ba, duk wanda ya taɓa aiki a kafar gwamnati ya san nauyin wannan, domin hannun da ke biyan albashi shi ne hannun da ke iya sa hannu a takardar kora. Mutum ba ya iya tsayawa a irin wannan wuri sai ya kasance bai nemi komai a wajen masu mulki ba, kuma ya tabbatar da kowace kalma kafin ta shiga inji.

Ni ban yi aiki a ƙarƙashinsa ba, amma editan da ya koya mini sana'a a wannan gidan ya tashi, kuma kusan duk abin da ya ɗora ni a kai yana danganta shi da tarbiyyar zamanin Malam Adamu. Idan na miƙa masa labari, yakan ɗauki jan biro ya bi shi layi-layi, ya tsaya a kan kowane suna da kowane adadi ya tambaye ni, "Wa ya faɗa maka? Ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren?" Idan ban da amsa, sai ya turo mini takardar ba tare da ɗaga murya ba, in koma in nemo. Yakan soke duk wani kirari da na jera wa mai muƙami, ya bar sunansa da abin da ya aikata kawai. A hannunsa na fahimci cewa gyaran edita kariya ce ga ɗan rahoto, domin gara a kama kuskurenka a kan tebur da a kama shi a gaban alƙali.

Wannan ita ce babbar shaidar aikin Malam Adamu: ya bar mutane. Da ya koma kujerar Manajan Darakta, Malam Mamman Daura ne ya gaje shi a matsayin edita, bayansa kuma Malam Turi Muhammadu, kuma martabar jaridar ba ta faɗi ba a hannunsu. Waɗanda suka fito daga wannan gidan su ne daga baya suka riƙe jaridu da mujallu da dama a Kaduna da Kano da Abuja.

Abin da ke damuna yanzu shi ne matasan da ke shiga aikin jarida ta intanet ba kasafai suke samun inda za su karanta sharhunan New Nigerian na wancan zamani ba, alhali a cikinsu akwai tarihin yaƙin basasa da ƙirƙiro jihohi na 1967 kamar yadda Arewa ta kalle su a lokacin. Ina roƙon iyalansa da tsofaffin ma'aikatan New Nigerian da sassan koyar da aikin jarida na jami'o'inmu su tattara su wuri guda, a buga, a kuma fassara su zuwa Hausa tun ana samun tsofaffin kwafe masu karantuwa. Allah Ya jiƙan Malam Adamu, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.