Lambar wayata ce ta kai ni gaban alƙali

Duk mai rubutun allo ya san al'adar. Idan ka gama aiki sai ka sa sunanka da lambar wayarka a ƙasa, daga gefen dama, ko wani zai gani ya kira. Shekara 9 ina yin haka a Kubwa da ke Abuja, shagunan aski da na ɗinki, bayan motocin ɗaukar yashi, ban taɓa ganin aibinsa ba sai a watan Fabrairun 2023.

Lokacin ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, zaɓe saura 'yan kwanaki. Wani mutum ya same ni a rumfa ya ce yana son a rubuta sunan ɗan takararsu da alamar jam'iyya a katanga uku, zai biya da tsabar kuɗi. Wanda ya kwana a layin banki a wancan wata ya san abin da kalmar tsaba ke yi wa mutum. Na tambaye shi ko an yi magana da masu katangar, ya ce, "Kai dai yi aikinka, an gama komai da manya." Na yarda. Ya ce a yi da dare don gudun 'yan adawa, wannan ma na yarda. Biyu daga ciki kangaye ne, ta ukun katangar makarantar firamare ce da iyayen yara suka yi karo-karo suka shafa mata fenti bai fi wata guda ba. Da na gama, hannuna da kansa ya gangara ƙasa ya rubuta lambata, wallahi ko tunani ban yi ba.

Kwana biyu aka kira ni wai akwai aikin allo. Na je da tef ɗin awo a aljihu, na tarar da ɗan sanda yana jira. Mutumin da ya sa ni kuwa, wayarsa a kashe tun daga ranar. Ba takarda, ba saƙon waya, ko shaidar tura kuɗi babu, tunda a hannu ya ba ni. Tsabar da na yi murna da ita ce ta share sawunsa, ni kuma na bar nawa sawun da jan fenti.

Laifin da aka karanta mini a kotun majistare shi ne ɓarna, ƙarƙashin sashe na 327 na kundin Penal Code, wanda hukuncinsa ke iya kaiwa shekara 2 a gidan yari, ko tara, ko duka biyun. Da na ji "shekara biyu" sai gidan yarin Kuje ya faɗo mini a rai, gwiwata ta yi sanyi. Ni a tunanina ɓarna sai ka fasa ko ka ƙona. Ashe rage wa abin mutum daraja ko amfani ma ɓarna ce, ko da rubutun naka ya fi na kowa kyau.

Lauyar da kawuna ya samo ce ta ce kada in tsaya gardama, lambata na jikin bango, in amsa laifi in nemi sassauci. Ita ta gaya mini cewa dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta 2015, a sashe na 460, ta ba alƙali damar sa mutum aikin al'umma maimakon ɗauri, matuƙar laifin ba na makami ko lalata ba ne, kuma hukuncinsa bai wuce shekara 3 ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, na aikata, kuskure ne, ban taɓa shiga kotu ba." Alƙali ya yanke in biya kuɗin gyaran katangar, in kuma yi aikin al'umma na mako 4. Kawu ya tsaya mini, ya sa hannu cewa idan na gudu shi za a nema. Da muka fito bai yi mini faɗa ba, sai ya ce, "Ɗana, har da lambar waya?" Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A 2020, lokacin kullen korona, da aka yanke wa 'yar fim Funke Akindele aikin al'umma na kwana 14 a Legas, dariya na yi na ce ai wannan ba hukunci ba ne. Na janye maganata. Aikin kansa ba ya kisa, doka ba ta yarda a wuce awa 5 a rana ba: yankan ciyawa, kwashe kwata, shara. Jami'in hukumar gyaran hali ne ke duba mu, daga sashen da dokar 2019 ta kafa don masu hukunci ba tare da ɗauri ba, kullum sai ka sa hannu a littafi da zuwa da tashi. Abin da ke cin rai shi ne a kusa da unguwarku ake sa ka. Kana cikin kwata da shebur, mai shagon da ka rubuta wa allo ya wuce ya ce "sannu da aiki", ka rasa gaisuwa ce ko ba'a. Awoyin safe kuma su ne na kasuwa, wata guda rumfata kusan a rufe.

Katangar ce ta fi ba ni wuya. Da fenti mai mai na yi rubutun don kada ruwa ya wanke shi, ita kuwa fentin ruwa ne a jikinta. Na shafa sau biyu, da ya bushe sai jan ya leƙo. Sai da na kankare da wuƙar fenti, na goge da sanfefa, na sa fenti na ƙasa, sannan na sake shafe tsawon katangar gaba ɗaya don launi ya zo ɗaya. Abin da na kashe ya ninka ladan aikin sau da yawa. Yara suna tsaye a bayana lokacin tara, wani ƙarami yana karanta lambata da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, har na kankare ta.

Yanzu duk wanda ya kawo mini aikin bango, sai ya kai ni wurin mai bangon na ji daga bakinsa, ya kuma rubuto mini ko a WhatsApp ne. Na gwamnati sai na ga takarda mai hatimi. Kuɗi ta banki, aikin dare kuwa ko nawa ne a kai kasuwa. Abokan sana'a na cewa darasin shi ne a daina sa lamba. Ina sawa har gobe, tunda da ita nake ci.

Mutumin nan na hango shi sau ɗaya bayan zaɓe, a gidan mai, cikin mota da gilashi a ɗage. Ya kalle ni, ya kawar da kai.