Ciniki daban, riba daban: abin da kasuwar intanet ke gaya wa hukumar haraji a kanka

Duk mai sayar da kaya a eBay, Etsy, Vinted da makamantansu, ko da jefi-jefi yake yi, ya kwana da sanin cewa a ƙasashe da yawa dandalin da yake ciniki a kai yana kai rahotonsa ga hukumar haraji. Ni tsofaffin agogunan hannu nake ɗan taɓawa. Ina da aikina na yau da kullum, wannan abin sha'awa ne na ƙarshen mako: in sayi wanda ya tsaya, a gyara, in sa masa sabon maɗauri, in sayar. Tun da aka fara batun rahoton nan nake ganin mutane iri biyu. Akwai waɗanda tsoro ya sa suka daina sayar da ko tsohon takalmi, akwai kuma masu cewa ai muddin takarda ba ta zo ba, babu abin da ya shafe su. Dukansu sun haɗa abu biyu da ba su haɗu ba, wato iyakar da ake kai rahoto da iyakar da ake biyan haraji.

Asalin abin daga OECD ne, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki, wadda ta fitar da samfurin ƙa'idoji a 2020. Tarayyar Turai ta mayar da shi doka da sunan DAC7, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023. Birtaniya ta bi sahu ranar 1 ga Janairun 2024. Ƙa'idar kusan iri ɗaya ce: idan ka yi ciniki sau 30 ko fiye a shekara, ko kuɗin da ka karɓa ya haura yuro 2,000, dandalin zai aika sunanka, adireshinka, ranar haihuwarka, lambarka ta haraji da adadin kuɗin, kafin ƙarshen Janairun shekara mai bi. A lura da "ko" ɗin nan. Uwar da ta sayar da ƙananan rigunan yara guda talatin da suka yi musu kaɗan ta shiga jerin, ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba. Hakan kuwa ba ya nufin ana bin ta ko kwabo. A farkon 2024 an yi ta hayaniya a Birtaniya cewa an ƙirƙiro sabon haraji, har sai da hukumar harajin ƙasar, HMRC, ta fito ta ce babu wani sabon haraji, dokar biya tana nan yadda take, bayanai ne kawai suka fara isa gare ta kai tsaye.

Amurka kuma tata rawar daban ce. Can takardar 1099-K ce, wadda dandali ke aika wa mai sayarwa da hukumar haraji. Shekara da shekaru ba a ba da ita sai ga wanda ya haura dala 20,000 tare da ciniki fiye da 200. Wata doka ta 2021 ta sauko da iyakar zuwa dala 600, hukumar harajin ƙasar, IRS, ta yi ta ɗage aiwatarwa, ta sa dala 5,000 a 2024, sannan a Yulin 2025 majalisa ta dawo da tsohuwar iyakar. Wasu jihohi, irin su Massachusetts da Vermont, suna da tasu iyakar ta dala 600. Duk wannan kai-komo bai taɓa canza tushen maganar ba: riba abin biyan haraji ce, takarda ta zo ko ba ta zo ba.

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne lambar da ke cikin rahoton. Kuɗin ciniki ne. Ga misali daga littafina, kowa ya sa irin kuɗin ƙasarsa. Na sayi agogo a 60. Mai gyara ya buɗe shi, ya wanke injin, ya sa mai, ya karɓi 20. Sabon maɗaurin fata 12. Na sayar a 150 har da kuɗin aikawa. Dandali ya cire kamashonsa 18, gidan waya ya ci 7, kwali da ledar kariya da salatif 3. In ka tara, 120 sun tafi. Abin da ya rage a hannuna 30 ne. A takardar 1099-K, 150 ɗin za a gani cur, ba a cire kamasho ba, ba a cire kuɗin aikawa ba, ko da mai saye ya dawo da agogon na mayar masa da kuɗinsa. Tsarin Turai ya ɗan fi, don ana nuna abin da dandalin ya cire. Amma a ko'ina, dandali bai san nawa na sayi agogon ba, bai san mai gyara ba, bai san maɗauri ba. Wannan 92 ɗin babu mai shaidarsa sai ni. In ban rubuta ba, in ba ni da rasit, ranar da aka tambaye ni sai dai in yi ta rantsuwa, kuma jami'in haraji ba ya aiki da rantsuwa.

Shi ya sa nake da littafi, na takarda, mai layi shida: ranar saye, abin da na saya da lambar da ke bayansa, nawa na biya, abin da na kashe a kansa, ranar sayarwa, nawa ya shigo. Rasit kuma ina ɗaukar hotonsa nan take, don irin takardar nan ta inji tana koɗewa, bayan wata shida sai ka ga farar takarda a hannunka. Wanda ya fi son kwamfuta ya yi a kwamfuta, duk ɗaya ne. Ba a dai fafe gora ranar tafiya. Dandamali ba sa ajiye maka cikakken tarihin ciniki har abada a inda za ka gan shi cikin sauƙi, don haka a sauke bayanan kowace shekara a adana. A Birtaniya mai sana'ar kansa zai riƙe takardunsa aƙalla shekara 5 bayan wa'adin miƙa fom ɗin haraji, a Amurka galibi shekara 3.

To, yaushe ne mai rage kayan ɗaki yake zama ɗan kasuwa? Babu wata lamba guda da ke raba su. Abin da ake dubawa niyya ce da ɗabi'a: ka sayi kayan ne don amfaninka ko don ka sayar? Sau nawa kake yi? Kana gyara shi don ya ƙara daraja? Tsakanin saye da sayarwa kwana nawa ne? In aka auna ni da wannan ma'auni, ba sai an wahala ba. Mutumin da ke sayen agogon da ya tsaya, ya kai gyara, ya ɗauki hotonsa a kan farin ƙyalle kusa da taga, ya sa a kasuwa bayan mako biyu, kasuwanci yake yi, ko da yana kiransa sha'awa. Ita kuwa 'yar'uwata da ke sayar da keken yara da jakunkunan da ta gaji da su ƙasa da yadda ta saye su, ba ta ci riba ba, don haka babu abin da za a yanka mata. Akwai dai abin da ban taɓa jin daɗinsa ba a tsarin Amurka: in ka sayar da kayanka na amfani da riba za ka biya, in ka faɗi ba za ka cire asarar daga sauran kuɗin shigarka ba. Birtaniya ta ɗan sassauta, kayan mutum na kansa da aka sayar a kan fam 6,000 ko ƙasa da haka ba ya jawo harajin ribar sayar da kadara.

Ga ƙananan 'yan kasuwa irina ma akwai rangwame. A Birtaniya, tun 2017, fam 1,000 na farko na kuɗin ciniki a shekarar haraji ba a taɓa su. Nan ma ciniki ake ƙirgawa, kafin a cire komai. Agogo bakwai irin wanda na kawo misalinsa sun kai 1,050, ribarsu 210 kacal, amma sun tsallake layin, dole a yi rajista. Daga nan sai ka zaɓa: ko ka cire fam 1,000 ɗin, ko ka cire ainihin abin da ka kashe, ba a haɗa biyun. Mai ƙaramin ciniki sau da yawa rangwamen ya fi masa. Da ciniki ya girma, jarin da ka zuba zai wuce dubu, sai littafin nan ya zama shi ne mai cetonka. A Amurka kuma ribar dala 400 daga sana'ar kai ta isa ta wajabta miƙa fom.

Wasu na ba da shawarar a rarraba kaya a dandamali uku ko huɗu don kada a kai talatin a ko'ina. Ni ban ga hikimar ba. Abin da ake bin ka bai ragu ba, lissafinka ne kawai ya warwatse, ga tara tana jira in an gano. Abin da nake ganin ya fi amfani shi ne raba kayan gida da kayan kasuwa, ko da da alama ce a gefen layi, da kuma asusun banki na daban don kuɗin ciniki.

Saura kayan da aka saya hannu da hannu, babu rasit, wanda a harkar tsofaffin agogo shi ne ya fi yawa. Abin da nake yi shi ne, a ranar nake rubuta wurin da na saya da farashin, in ɗauki hoton agogon yadda yake da tsatsarsa da fasasshen gilashinsa. In mai sayarwa ya yarda, sai in tura masa kuɗin ta banki maimakon tsaba, in rubuta sunan agogon a wurin bayani.